Sau Nawa Ake Kashe Maciji?

'Yar uwa, ranar wata Asabar ina zaune a gidan makitsiyarmu, ta tsaga mini kai ke nan ta soma kitso, sai rediyon da ke rataye a jikin ƙyaure ya shiga labarun yamma. Mai karantawa ya ce dakarun ƙasa sun hallaka 'yan ta'adda masu yawa a dajin Sambisa, sun ƙwace makamai, sauran sun tsere da raunukan harbi. Mu biyar ne a tsakar gidan, babu wadda ta ko ɗaga kai. Sai wata baiwar Allah mutuniyar Bama, wadda gudun hijira ya kawo unguwarmu tun 2014, tana gefe tana tsinkar zogale, ta ce a hankali kamar mai magana da kanta, "Sun sake mutuwa ke nan." Aka kwashe da dariya. Ita dai ba ta yi ba.

Maganar nan ta bi ni har gida. Domin abin da ta faɗa cikin numfashi ɗaya shi ne abin da ake faɗa a majalisar maza, a cikin A Daidaita Sahu, a layin awo a asibiti: anya kuwa bindiga za ta gama da wannan abu? Fiye da shekara 15 ana yi, an sauya shugaban ƙasa, an sauya hafsoshi, an sauya wa rundunar suna ba sau ɗaya ba, amma har yau in aka ce miki ɗanki zai bi hanyar Damboa ko ta Monguno sai gabanki ya faɗi.

Na san wani zai ce ina ruwan mace da zancen yaƙi, ta ji da tukunyarta. To ai ruwanmu ya fi na kowa. Mu ake kwashewa daga makaranta, mu ake ɗaura wa bam, mu ke goya ɗaya mu riƙe hannun ɗaya mu shiga daji da ƙafa. Matan soja mu ne, uwayen yaran da suka shiga dajin ma mu ne. Don haka ki gyara zama mu auna shakkun nan na jama'a, mu ga inda suke da gaskiya da inda suka wuce gona da iri.

Bari in fara ba wa bindiga haƙƙinta, don kada a ce na yi son kai. Ki tuna ƙarshen 2014. A watan Agusta Abubakar Shekau ya kama Gwoza ya ce ya kafa daula, a Satumba Bama ta faɗi, a ƙarshen Oktoba suka shiga Mubi har suka sauya mata suna. A waɗannan garuruwa an yanka maza a gaban matansu, an aurar da 'yan mata dole. Babu wa'azin da ya fitar da su, babu kwamitin dattawa. Sojoji ne, namu da na Chadi da Nijar da Kamaru, tare da maharba da 'yan sa-kai, suka bi su gari gari a farkon 2015, har aka ƙwato Gwoza ranar 27 ga Maris, ana gobe zaɓe. Mu mutanen Kano ma mun ɗanɗana. Ba mu manta da Juma'ar 20 ga Janairu 2012 ba, da aka kashe mutum kimanin 185 a yamma ɗaya, ba mu manta da Juma'ar 28 ga Nuwamba 2014 a Babban Masallaci ba. Yau uwargida kan shiga Kantin Kwari ta zaɓi atamfarta ta fito ba tare da ta riƙa kallon jakar kowa ba. Wannan ba a banza ya samu ba, 'ya'yan wasu ne suka mutu a kai, akasarinsu 'ya'yan talakawa daga kowace kusurwar ƙasar nan. Duk wadda ta ce soja bai tsinana komai ba, ba ta taɓa kwana a garin da babu shi ba.

Sai dai ƙwato gari daban, gama yaƙi daban, kuma a nan ne masu sanarwa suka ɓata rawarsu da tsalle. A 2013 aka ce mai yiwuwa Shekau ya mutu sakamakon rauni. A 2014 aka sake ba da labarin an kashe mai fitowa da sunansa. A 2016 aka ce jirgi ya yi masa raunin da ba zai tashi ba. Kowane karo sai ga shi a faifan bidiyo yana daga bindiga yana shewa. A Disambar 2015 Shugaba Buhari ya shaida wa BBC cewa kusan an riga an ci yaƙin, a Disambar 2016 aka sanar da kama babban sansaninsu na Sambisa, har aka kai tutarsu Abuja. Wata 14 bayan haka, ranar 19 ga Fabrairu 2018, suka shiga Dapchi da motoci suka kwashe 'yan mata 110, kamar ba a taɓa yin Chibok ba. Shekau kuwa bai mutu ba sai a Mayun 2021, kuma ba harsashin gwamnati ne ya same shi ba. Abokan gabarsa na ɓangaren ISWAP ne suka rutsa shi a Sambisa ya tayar da bam ɗin jikinsa. Tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri. A Yunin 2024 mata 'yan ƙunar baƙin wake suka tashi bama-bamai a Gwoza ɗin nan da aka ƙwato, a wurin biki da asibiti da jana'iza, mutum fiye da 30 suka rasu. A Afrilun 2025 Gwamna Zulum da bakinsa ya ce Borno na komawa baya, ana kai wa sansanonin soja hari ana tashinsu.

Kin ga ke nan shakkun jama'a ba taurin kai ba ne. Mutumin da aka yi wa albishir ɗaya sau biyar, na shida ko gaskiya ne sai ya taɓe baki.

Amma ni damuwata ta wuce ƙaryar sanarwa. Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ƙarfin da aka yi amfani da shi ba bisa ƙa'ida ba ya zama taki ga abin da ake son kashewa. In kina son ki gane wannan sai mun koma baya.

Iyayenmu a Kano suna ba da labarin Maitatsine. A Disambar 1980 Muhammadu Marwa da mabiyansa suka gagari 'yan sanda a 'Yan Awaki, sai da Shugaba Shagari ya turo soja, aka yi kwanaki ana ɓarin wuta, hukuma ta ƙirga gawa 4,177, shi ma Marwa ya mutu. Sauran mabiyan suka watse, suka sake ɓullowa a Bulunkutu ta Maiduguri da Kaduna a 1982, Jimeta a 1984, Gombe a 1985, daga nan abin ya lafa. Darasin da hukuma ta ɗauka shi ne: in irin wannan ta taso, a murƙushe, a kashe shugaban, shi ke nan. Ba a tsaya an lura ba cewa ko wancan karon sai da aka yi shekara biyar ana binne mutane a garuruwa huɗu bayan an ce an gama, alhali akasarin makaman mutanen nan wuƙaƙe ne da kwari da baka.

Da wannan darasi aka tunkari 2009. A watan Yuni jami'an tsaro suka yi arangama da mabiyan Muhammad Yusuf a Maiduguri suna kan hanyar jana'iza, a kan zancen hular kwano, aka harbi 17 daga cikinsu. A ƙarshen Yuli suka far wa ofisoshin 'yan sanda a Bauchi, abin ya bazu zuwa Maiduguri da Potiskum da Wudil. Kada ki fahimce ni a baibai: mutanen nan sun tara makamai, sun kashe 'yan sanda, sun ƙona coci-coci, babu gwamnatin da za ta naɗe hannu. Soja ya shigo, cikin kwana biyar aka rushe markazinsu, ɗaruruwa suka mutu. Sojoji suka kama Yusuf da ransa, suka miƙa shi ga 'yan sanda ranar 30 ga Yuli, har akwai hotonsa ana yi masa tambayoyi. Kafin gari ya waye an nuna gawarsa. Surukinsa, Baba Fugu, dattijo mai shekara 70 da ɗoriya wanda ya kai kansa ofishin 'yan sanda da ƙafarsa, shi ma gawarsa aka gani. Daga baya kotu ta ce a biya iyalinsa diyyar naira miliyan 100. A farkon 2010 gidan talabijin na Aljazeera ya nuna masu kaki suna kwantar da mutane a ƙasa suna harbewa, har da masu dogara sanda.

To ki faɗa mini, me aka ci riba? Da an kai Yusuf kotu, da ya tsaya gaban alƙali a matsayin mai laifi, a tambaye shi wa ke ba shi kuɗi, wa ya tsaya masa duk lokacin da aka kama shi aka sake, mabiyansa su ga shugabansu yana kame-kame. An rufe wannan baki da harsashi, kuma Allah kaɗai ya san waɗanda suka yi ajiyar zuciya a ranar. Aka ba sauran mabiyan abin da ba su da shi a da: gawar da za su riƙa nuna wa yara a waya. Shugabanci ya koma hannun Shekau, wanda ya fi shi rashin imani nesa ba kusa ba. A Satumbar 2010 suka fasa gidan yarin Bauchi suka saki fursuna fiye da 700, a 2011 bam ya tashi a hedikwatar 'yan sanda da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya a Abuja. Da ƙungiyar ta rabe biyu a 2016, wanda ya jagoranci ɓangaren ISWAP, Abu Mus'ab Albarnawi, ɗan Muhammad Yusuf ne na cikinsa, wanda yake yaro matashi lokacin da aka kashe uban.

Akwai dalilin da ya sa irin wannan ke faruwa, kuma ba wai don soja mugu ba ne. An horar da soja ya yaƙi abokin gaba mai kaki, mai sansani, wanda in ka hango shi ka san shi ne. A Maiduguri ta 2011 da 2012 kuwa abokin gaban yaro ne da jallabiya, ya harbe soja a shingen bincike ya shige lungu ya ɓace. Sojan nan wataƙila daga Inugu aka kawo shi ko Binuwai, ba ya jin Barbarci, Hausarsa ma ta kasuwa ce, abokinsa na kwance cikin jini. Me zai yi? Sai a zagaye unguwar, a kwashe duk namijin da ya tasa, wani lokaci a cinna wa gidaje wuta. A Baga a Afrilun 2013, bayan an kashe soja ɗaya, hotunan tauraron ɗan'adam da ƙungiyar Human Rights Watch ta bincika sun nuna gini 2,275 a ƙone. Mutanen gari sun ce sun binne fiye da 180, rundunar soja ta ce 37 ne suka mutu. A 2015 ƙungiyar Amnesty ta fitar da rahoto cewa mutum fiye da 7,000 sun mutu a hannun soja a tsare tun 2011, saboda yunwa da ƙishirwa da cunkoso da azaba, musamman a barikin Giwa. Rundunar ta musanta. Amma ki duba abin da kotun gwamnati da kanta ta yi: da aka fara shari'ar waɗanda ake tsare da su a Kainji a Oktobar 2017, zaman farko an yanke wa 45 hukunci, an sallami 468. Wasu sun yi shekaru a kulle kafin a ce babu abin da za a tuhume su da shi.

Yanzu ki sa kanki a matsayin ƙanin ɗaya daga cikinsu, mai shekara 15, babu makaranta babu sana'a, an tafi da yayansa a gaban idonsa, uwarsu ta sayar da 'yan kunnenta tana bin ƙofar bariki ba a ko ce mata yana raye ba. Sai wani ya raɗa masa cewa ga inda ake ramawa. Hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNDP, ta yi hira da mutum kusan 500 da suka shiga irin waɗannan ƙungiyoyi da ƙafarsu a ƙasashen Afirka, har da Najeriya, ta fitar da sakamakon a 2017. Kashi 71 cikin 100 sun ce abin da ya tunzura su a ƙarshe wani aiki ne na hukuma, kamar kashe ko kama ɗan uwa ko aboki. Fiye da rabinsu kuma sun amsa cewa littattafan addinin da suke iƙirarin yi wa yaƙi ba su fahimce su ba, ko kaɗan suka sani. Wannan ba ya wanke kowa, wanda ya yanka mutum ya yanka. Sai dai in kina kashe kyankyaso goma da silifa kullum dare alhali bayan kabad ƙwai ne jibge, ai aikin banza kike yi, balle a ce ke kike zuba musu abinci.

Asara ta biyu ita ce baki. Yaƙi irin wannan labari ne ke cin sa. Wa ya san yaron da ya daina gaishe da mutane, ya soma dawowa da dare da baƙin fuska? Uwarsa, da maƙwabciya, da mai shayin bakin layi. In suna tsoron cewa kai rahoto zai jawo a ƙona layin gaba ɗaya, sai su ja bakinsu su yi gum. Hujjata ita ce abin da ya faru a tsakiyar 2013, lokacin da samarin Maiduguri suka gaji suka fito da gora da adda, 'yan kato da gora ke nan. Ba su da igwa ba su da jirgi, amma sun san kowa da sunan ubansa, har mata suka shiga suna caje 'yan uwansu mata a shinge. Cikin 'yan watanni suka kori mutanen nan daga cikin birni, abin da motocin sulke suka yi shekara biyu suna fama. Su ma dai ba waliyyai ba ne, an zarge su da cin zali da nuna yatsa ga wanda suke gaba da shi, kuma garuruwan da suka kafa irinsu sun sha ramuwar gayya, kamar Benishek da aka kashe fiye da mutum 140 a kan hanya a Satumbar shekarar. Duk da haka sun nuna cewa ido ya fi yatsa a kan kunama muhimmanci. Wata cibiyar bincike ta Amurka mai suna RAND ta bi tarihin ƙungiyoyin ta'adda 648 daga 1968 zuwa 2006. Cikin waɗanda suka zo ƙarshe, kashi 43 sun ajiye makami ne ta hanyar shiga siyasa ko sasantawa, kashi 40 aikin 'yan sanda da leƙen asiri ne ya karya su, kashi 10 sun cimma burinsu, kashi 7 kacal ƙarfin soja ya gama da su. Masu binciken sun ce soja ya fi tasiri a kan manyan ƙungiyoyi masu riƙe da ƙasa, irin halin da muka shiga a 2014, wato dai abin da na faɗa da farko.

Jirgin sama kuwa, wanda aka fi yi mana alfahari da shi, ido gare shi amma ba ya tambaya. Ranar 17 ga Janairu 2017 jirgin yaƙinmu ya jefa bam a sansanin 'yan gudun hijira na Rann, fiye da mutum 100 suka mutu, har da ma'aikatan Red Cross da suka je rabon abinci. Mutanen da suka gudo daga wuƙar Boko Haram ke nan. A can yamma ma, inda ake fama da 'yan bindigar daji, haka ta faru a Tudun Biri ta jihar Kaduna daren 3 ga Disamba 2023: jirgi mara matuƙi ya saki bam a kan masu Maulidi, hukumar agaji ta ƙirga aƙalla 85, yawanci mata da yara. An ce kuskure ne, an yi ta'aziyya, kuma na yarda ba da gangan ba ne. Amma yaron da ya tsinci hannun ƙanwarsa a cikin gona, da wane bakin za ki ce masa ga masu kare shi?

Ga wani lissafin da rediyo ba ta cika kawowa ba. UNDP ta ƙiyasta cewa zuwa ƙarshen 2020 rikicin arewa maso gabas ya ci rai kusan 350,000. Cikinsu kimanin 35,000 ne harsashi ko bam ko wuƙa ta kashe. Sauran yunwa ce da cuta da rashin asibiti, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na mamatan yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Ki sake karantawa. Wato wannan yaƙi a bayanmu ake yin sa, a kan goyo. Kuma wasu dabarun yaƙin da kansu suka ƙara yunwar. An hana cinikin kifin Baga na tsawon lokaci don kada kuɗin ya kai hannun 'yan daji. An taƙaita takin zamani don ana haɗa bam da shi. A wurare da dama an hana shuka dawa da masara kusa da gari don kada a ɓuya a ciki. A Diffa ta Nijar, daga 2015, an hana hawa babur da cinikin tattasai da kifi, aka ce mutanen tsibiran Tafkin Chadi su tashi cikin 'yan kwanaki. Kowace doka da hujjarta, amma in kin haɗa su sai ki ga an bar magidanci da hannu biyu babu abin yi. Su kuwa 'yan ISWAP, da suka fi Shekau wayo, sai suka ce wa masunta da makiyaya ku zo ku yi sana'arku, ku biya mu haraji. Mai iyali goma da babu tsaba a gida, ina kike jin zai nufa?

Bayan an kashe sojoji da yawa a Metele a Nuwambar 2018, sai a 2019 aka janye ƙananan sansanoni aka tattara dakaru a manya. Soja ya samu sauƙi, ƙauye ya zama na mai rabo. Garuruwa da dama suka koma tamkar akurki: an haƙa rami an kewaye, a ciki akwai tsaro babu abinci, a waje akwai gona da itace babu tsaro. Ranar 28 ga Nuwamba 2020 aka yi wa manoman shinkafa na Zabarmari yankan rago a gonakin Koshobe, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba daga Maiduguri, aka jera gawa 43 a rana ɗaya. Abin da mai magana da yawun shugaban ƙasa ya faɗa shi ne wai ba su nemi izinin soja ba kafin su je girbi. Haba jama'a! Shinkafa ta nuna, yara na kuka, a jira takarda?

Shi kansa sojan a tausaya masa. A Agustan 2014 matan sojoji suka tare ƙofar bariki a Maiduguri suna ƙona taya, suka ce ba za a kai mazansu Gwoza da bindigogin da ba su kai na abokan gaba ba. A Disambar shekarar kotun soja ta yanke wa 54 hukuncin kisa don sun ƙi fita, daga baya aka mayar da shi ɗaurin shekara 10. Shekara na zagayowa sai ga tuhumar cewa an karkatar da dala biliyan 2.1 na sayen makamai ta ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, Sambo Dasuki, tuhumar da ya musanta. Tun daga nan talaka ya soma raɗa cewa yaƙin ya zama saniyar tatsa. Ko gaskiya ne ko ba gaskiya ba, wanda ya bari aka fara wannan raɗa ya yi wa ƙasa ɓarna.

Kada ki ce ko don namu ba su da kayan aiki ne. Amurka ta shiga Afganistan a 2001 da duk abin da ake kira makami a duniya, ta kashe Usama bin Laden a Pakistan a 2011, ta fita a Agustan 2021 'yan Taliban na zaune a fadar Kabul. Faransa ta shiga Mali a Janairun 2013 ana yi mata guɗa a Tumbutu, ta tattara komatsanta a 2022 ana yi mata ihu, masu iƙirarin jihadi kuma sun bazu har Burkina Faso da yammacin Nijar. Inda aka ce soja ya gama da 'yan tawaye ƙurmus, kamar Siri Lanka a 2009, tsibiri ne babu wurin gudu, kuma kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce fararen hular da suka mutu a watannin ƙarshe za su iya kai 40,000. Wa zai so a yi wa Borno irin wannan magani?

To sai kuma masu cewa a ajiye bindiga kawai a yi sulhu. Da su ma ina da magana, don na ga abin ya zama kamar ado a baki. Gaskiya ne 'yan matan Chibok 21 da aka sako a Oktobar 2016, da 82 na Mayun 2017, ta hanyar tattaunawa suka dawo, aka yi musaya da wasu kwamandoji, kuma babu uwar da za ta ce ba a kyauta ba. Amma ki tuna a tsakiyar Oktobar 2014 gwamnati ta sanar da cewa an tsagaita wuta, har ana cewa 'yan matan na hanya. Mako biyu ba su cika ba Mubi ta faɗi, Shekau ya fito ya ce shi bai san zancen ba. A Katsina Gwamna Masari ya zauna da 'yan bindigar daji har sau biyu, aka ɗauki hoto da su da bindiga a kafaɗa, a 2020 ya ce sun ci amanarsa. Masu kawo misalin afuwar da Shugaba 'Yar'aduwa ya yi wa tsagerun Neja Delta a 2009 sun manta cewa waɗancan kason arzikin mai suke nema, abu ne da ake iya ciniki a kai. Wanda ya ce 'yarki ba za ta je makaranta ba kuma jininki ya halatta, a kan me za ku raba? Ta je rabin zango?

Abin da na ga ya yi aiki a zahiri shi ne abin da ya biyo bayan mutuwar Shekau. Dubun dubatar mutane suka fito daga daji suka miƙa wuya, yawancinsu mata da yara da manoman da aka tsare da ƙarfi, amma da mayaƙa a ciki. Sun fito ne don wuta ta matsa musu, yunwa ta ci su, sannan sun ji labarin cewa wanda ya fito ba a harbe shi. Da labarin barikin Giwa kaɗai suke ji, da sun gwammace su mutu a can. Wannan ma da ɗacinsa, ba zan ɓoye miki ba. Matar da aka yanka mijinta tana zaune a tanti, ta ga tubabbe an koya masa sana'a an ba shi jari, wani lokaci ma ta gane fuskarsa. Ba a tambaye ta ba, ba a nemi gafararta ba, babu alƙalin da ya saurare ta. Ga kuma matan ƙungiyar Knifar, 'yan gudun hijira daga yankin Bama, da suka yi shekaru suna neman a faɗa musu inda mazansu suke tun da aka raba su wajen tantancewa. Wanda ya ɗauki makami ya samu shiri na musamman, wanda bai ɗauka ba an manta da shi a kulle. A nan ne nake ganin gwamnatocinmu suka fi gazawa, kuma gyaran wannan bai kai kuɗin jirgin yaƙi ɗaya ba.

Da makitsiya ta gama mini, na matsa kusa da mutuniyar Bama ina taya ta tsinkar zogalen. Na ce, "Yaya, tunda an ce ana mayar da mutane garuruwansu, ke ba za ki koma ba?" Ta ce 'yan uwanta maza biyu ne, ɗaya 'yan daji suka kashe shi a gona, ɗaya an sauke shi daga mota a hanyar gudu aka ce za a yi masa tambayoyi, yau shekara nawa. Ta ce ta ji abin da ya samu mutanen Darul Jamal, kusa da su, waɗanda aka mayar gida aka bi su cikin dare a Satumbar 2025 aka kashe fiye da 60. Ita ba ta bin labarun rediyo, in ji ta. Duk Juma'a takan sa kati ta kira 'yar ƙanwar babarta da ta koma, ta yi mata tambaya biyu: ina ne iyakar inda ake zuwa itace yanzu, kuma ƙarfe nawa ake rufe ƙofar gari? Na ce to me ta ce miki wannan makon? Ta ce har yanzu ba a wuce inda ake hango rami, kuma kafin la'asar kowa ya dawo. Ta kakkaɓe zaninta ta ɗauki tiren zogalen ta shiga ciki.